Kurakuran da aka fi yi wajen tsara tashin sabis a systemd

Systemd shi ne tsarin da ke tashe da kula da sabis a yawancin kwamfutocin Linux, wato manhajojin da ke aiki a bayan fage. Ka kunna sabis da hannu ya yi aiki lafiya lau, amma da aka kashe kwamfutar aka sake kunnawa sai ka ji shiru. Yawanci laifin ba na manhajar ba ne. Umarnin systemctl start na nan take ne kawai, systemctl enable ne ke saka sabis cikin masu tashi tare da na'ura. Shi ma ba ya tsinana komai idan sashen Install na fayil ɗin da ke tsara sabis ɗin ba shi da layi irin WantedBy=multi-user.target, domin layin nan ne ke nuna rukunin da sabis zai shiga.

Inda aka fi shan wuya shi ne After= da Requires=. Da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. After= layi kawai yake tsarawa, wa zai riga wa idan dukansu za su tashi, ba ya kiran kowa. Requires= da Wants= kuwa suna jawo ɗaya sabis ɗin, amma ba su ce a jira shi ba, sai systemd ya tashe su lokaci guda. Idan ka rubuta Requires=postgresql.service kaɗai, manhajarka za ta ƙwanƙwasa ƙofar rumbun bayanai na PostgreSQL tun bai buɗe ba, ta faɗi. Wata rana kuma ta yi sa'a ta wuce, shi ya sa matsalar ke zuwa yau ta ɓace gobe, har ka fara zargin na'urar. Rubuta layukan biyu tare, Requires= da After=. Ni na fi son Wants= sai in dole, saboda da Requires=, ka tsayar da wancan, naka ma ya bi shi.

Haka network.target, wato matakin tashin hanyar sadarwa, ke yaudarar mutane. Isowarsa ba ta nufin na'ura ta samu adireshin IP. Mai buƙatar intanet tun farko ya sa network-online.target a Wants= da After=, ya kuma tabbata sabis mai jiran haɗuwar hanyar sadarwa, kamar NetworkManager-wait-online.service, yana kunne.

Kada ka gyara fayilolin /usr/lib/systemd/system, sabunta manhaja zai shafe aikinka. Yi amfani da systemctl edit, shi zai ajiye gyaranka a fayil ɗin override.conf a ƙarƙashin /etc/systemd/system. Idan ExecStart=, layin umarnin da ke kunna sabis, za ka canza a can, fara da layin ExecStart= wanda ba komai bayan alamar =, sannan sabon, in ba haka ba yawanci sabis ɗin zai ƙi tashi. Wanda ya taɓa fayil da hannu kuma ya manta da systemctl daemon-reload, da tsohon tsari systemd zai ci gaba da aiki.