Kafin ku kwashe lissafin shago zuwa rumbun intanet

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwar Sakkwato. Na ga da yawanmu na son mayar da lissafi da bayanan kaya zuwa rumbun intanet, wato kwamfutocin manyan kamfanoni da ake hayar su don ajiye bayanai ta intanet, irin su AWS, Azure ko Google Cloud. Don Allah kada a fara da zaɓen kamfani.

A fara zama da masu aikin: mai karɓar kuɗi, mai kula da sito, yaron da ke rubuta bashi. Kowa ya faɗi abin da yake buɗewa kullum da wanda ya isa ya gani. A nan ne ake gano littafin bashin da ba ya cikin kowace kwamfuta, sai a aljihun mutum ɗaya.

Sai a tambaya: in an ɗauke wuta ko intanet ta tsaya ana tsakar ciniki, manhajar za ta ci gaba da aiki? Wannan shi ya fi damuna.

Galibi da dala ake biya, har fitar da bayananka ana iya cajin kuɗi, a lissafa da naira. Lambobin wayar kwastomomi kuwa, suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.