Shirin WAEC daga aji huɗu yake farawa

Assalamu alaikum, 'yan uwa shugabannin makarantu.

Mai jiran sai yara sun shiga SS3 kafin ya waiwayi takardunsu, shi ya jawo wa kansa ciwon kai. Tun ranar da yaro ya shigo SS1, wato aji huɗu, a karɓi lambarsa ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a duba suna da ranar haihuwa su zo ɗaya da abin da ke cikin rajistar makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne a ido, amma gyaransa a wajen NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yana iya cin makonni, ga lokacin rajistar jarrabawar WAEC ba ya jiran kowa.

Makin CA kuma, wato makin gwaje-gwajen da ake yi wa yara a cikin zango, kada a bar shi a littafin malami. Malamai ana yi musu canjin wurin aiki, wani ya tafi da littafin a jaka. Duk ƙarshen zango mataimakinka mai kula da karatu ya tattara, ku sa hannu ku biyu, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a kwamfuta.

Kuɗin rajista kuwa, don Allah kada ya kwana a aljihun kowa. A biya ta banki, a ba iyaye rasit, a sanar da shugaban PTA.