Yadda ake zaɓen madogarar filatinam a batirin metanol

Duk mai shirin fara aiki a kan batirin da ke shan metanol kai tsaye, hankalinsa a kan filatinam yake. Ni kuwa nakan ce a fara duba abin da filatinam ɗin zai zauna a kai. Ƙarfen yana da tsada, don haka ba a sa shi a dunƙule. Ana mayar da shi ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, nanomita 2 zuwa 4, a watsa su a kan wani gari da lantarki ke iya ratsawa. Wannan garin shi ne madogara, kuma in ka yi zaɓen tumun dare a nan, ingancin filatinam ɗinka ba zai fisshe ka ba.

Ka riƙe abin da ke faruwa a anod, wato ɓangaren batirin da metanol ke ƙonewa. Ƙwayar metanol ɗaya tana haɗuwa da ta ruwa ɗaya, a sami CO2, furoton 6 da ilaktiron 6. Tangarɗar a tsakiyar hanya take, inda CO, wato iskar kabon monoksaid da ke samuwa kafin a kai ga CO2, ke liƙe wa filatinam ya hana sabon metanol samun wurin zama. Shi ya sa ake gauraya shi da rutiniyam, galibi ɗaya-da-ɗaya. Watanabe da Motoo ne suka yi bayanin dalilin a 1975: rutiniyam yana saurin tsinka ruwa, ya samar da OH wanda zai ƙone CO ɗin. Aikin madogara shi ne ta riƙe ƙwayoyin nan a warwatse, ta kwashe ilaktiron, ta bar wa metanol hanyar shiga, CO2 kuma hanyar fita.

Ka fara da Vulcan XC-72. Baƙin garin kabon ne, faɗin samansa wajen murabba'in mita 250 a kowane giram. Ba don ya fi kowa ba nake cewa ka fara da shi, sai don shi ne ma'aunin da kowa ya sani. Sabuwar madogarar da ba a gwada ta kafaɗa da kafaɗa da shi ba, da nauyin ƙarfe iri ɗaya, ba na ɗaukar sakamakonta da muhimmanci.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna ganin wasu garin kabon irin su Ketjenblack mai faɗi wajen murabba'in mita 800 a giram, ko Black Pearls 2000 mai kusan 1500, sai su ɗauka an gama magana. Tambayar ita ce: ina faɗin yake? Idan yawancinsa a cikin ramukan da ba su kai nanomita 2 ba ne, to Nafion, sinadarin roba da ake gauraya wa garin, wanda shi ke jigilar furoton, ba zai iya kutsawa ciki ba. Filatinam ɗin da ya faɗa irin wannan ramin tamkar kuɗi ne a akwatin da mabuɗinsa ya ɓace. Ka nemi ramuka matsakaita, nanomita 2 zuwa 50, kuma ka duba yadda girmansu ya rarrabu a gwajin shan iskar naitirojin, kada ka tsaya a lamba ɗaya da aka buga a jikin kwalba.

Sai maganar lalacewa. A lissafi, kabon yana iya fara komawa CO2 tun daga folt 0.207. Abin yana tafiya a hankali, amma duk inda kabon ya zaizaye, ƙwayoyin ƙarfe sukan zame su cure wuri ɗaya. Bututun kabon 'yan siri-siri sun fi jurewa saboda tsarin jikinsu irin na girafait ne. Sai dai santsin jikin nasu yana hana ƙarfe kamawa, dole ka dafa su a asid ɗin naitirik ya yi musu kaushi, ya kuma wanke ragowar baƙin ƙarfe ko nikel da aka yi amfani da su wajen ƙera su. Kada ka zarce, domin dahuwar da ta wuce kima tana rage musu kai lantarki. Girafin kuwa, wato fallen kabon mai kaurin atom ɗaya, a takarda faɗinsa murabba'in mita 2630 ne a giram, amma da ya bushe sai fallayensa su manne da juna. In ka nace sai shi, ka cusa garin kabon ko bututu a tsakaninsu. Kabon da aka dasa wa naitirojin a jiki ya fi riƙe ƙwayoyi, kuma ni shi na fi karkata gare shi.

Oksayid ɗin ƙarafa irin su TiO2, SnO2 da CeO2 suna taimakawa wajen kawar da CO, ba sa kuma zaizayewa irin ta kabon, amma lantarki ba ya ratsa su sosai, CeO2 kuma ba ya son asid. Ka gauraya su da kabon, ko ka nemi Ti4O7, wanda lantarki ke ratsa shi sosai.

Wajen gwaji, ka ɗiga tawadarka, wato garin mai ƙarfe da ka dama cikin ruwa, a kan kabon mai kama da gilashi, cikin asid ɗin salfiyurik mai ƙarfin mola 0.5 da metanol mola 1. Kada ka tura folt sama sosai, rutiniyam zai narke ka koma auna wani abu daban. Faɗin ƙarfen da ke aiki ka auna shi da CO, a kan mikrokulom 420 ga kowace murabba'in santimita, domin hanyar aunawa da haidirojin ba ta ba da amsa mai kyau idan akwai rutiniyam. Idan aka ɗaga folt aka kuma sauke shi, akwai masu raba tsayin ƙololuwar lantarkin zuwa da ta dawowa su ce wai juriyar CO suka auna. Kar ka bi su, ƙololuwar dawowar ma sabon metanol ne ke ƙonewa. Ka tsayar da folt wuri ɗaya na awa guda ko fiye, ka ga yadda lantarkin ke raguwa, sannan ka ɗauki hoton ƙwayoyin da madubin ilaktiron kafin gwaji da bayansa, ka gwada girmansu.