Yadda ake yawon babur da abokai a karkarar Kano da Jigawa lokacin kaka

Idan ana son fita yawon buɗe ido a kan babur, babu lokacin da ya kai tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke tun Oktoba, taɓon hanyoyin ƙauye ya bushe, hazo kuma bai yi kaurin da zai rufe gabanka ba. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ake yanka, ana roron wake, an ɗora harawa a kan bishiyoyi don kada dabbobi su kai gare ta. Sai dai mu tuna, inda za mu je shan iska nan ne wurin aikin wasu, kuma a lokacin da aikin ya fi yi musu yawa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

Abu na farko shi ne zaɓen abokan tafiya, kuma kada ku wuce babur huɗu ko biyar. Ba don komai ba sai don halin da ake ciki: yanzu ayarin babura goma da fuskoki a rufe, idan ya tunkaro ƙauye, mata kwashe 'ya'yansu suke yi, maza kuma su tashi tsaye. Ba laifinsu ba ne. Ku kuma bar duk wanda kuka san ba ya iya ganin miƙaƙƙiyar hanya bai murɗa totur ba, da wanda ya fasa salansa don a ji shi. A cikinku ku tabbata akwai wanda ya iya kwance taya, akwai kuma wanda yake da dangi ko sani a yankin da za ku. Kowa ya hau nasa babur ɗin, domin tun Janairun 2013 aka hana goyo a ƙananan hukumomin cikin birnin Kano, kuma ko ba doka, yashi ba ya son kaya biyu.

Daga nan sai a tsayar da hanya. Wanda zai fara, ina ba shi shawarar ya yi kudu. A fita ta hanyar Zariya zuwa Kura, a ratsa Kadawa da Garun Malam, a wuce Bagauda a kai Tiga, sannan a dawo ta Rano da Bunkure. Daɗin wannan hanya shi ne a rana guda za ka ga ƙarshen damina da farkon rani: gefe guda ana casar shinkafa, gefe guda ana gyaran fangali ana dashen tumatir da albasa. Ruwan da ke bin waɗannan magudanu daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma shi ya mai da Kura garin shinkafar da muka sani. Wajajen Rano kuwa ƙasa ta fara tudu da gangare, ga manyan duwatsu.

Masu son Jigawa suna da zaɓi biyu. Ko dai a bi Wudil da Gaya a shiga Dutse, a sayi dabino, idan da sauran rana a ƙarasa Birnin Kudu a ga zanen mutanen da a jikin duwatsu; ko a bi Gezawa da Ringim zuwa Gujungu, inda ƙasa take shimfiɗe, yashi ya fi yawa, gonakin riɗi da zoɓo suke ƙaruwa yayin da ake dosar Gumel. Dausayin Baturiya da ke ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka a wannan lokaci, ya cancanci a je, amma tafiyar kwana ce, kada a cusa ta a yini ɗaya. Dajin Falgore da ƙauyukan da ke iyaka da Katsina kuwa, ban ga dalilin zuwa can da sunan yawo ba. Ko ina za ku, a kira mutumin yankin a daren tafiya a ji lafiyar hanya.

Ku duba ranar kasuwa. Wudil Juma'a take ci, Dambatta da Gujungu Lahadi, Maigatari Alhamis. Idan kasuwar kuke son gani, to. Idan ba haka ba, ku kauce wa hanyarta a ranar, domin motocin shanu da a-kori-kura ba sa barin babur ya sarara.

Ana gobe tafiya a kai babur wurin makanike, ba da safen ranar ba. A juye baƙin mai, a ɗaure sarƙa daidai, a duba birki gaba da baya, a wanke abin tace iska. Taya da ta suɗe a canza ta, kada a ce za ta kai. A jaka a sa fulogi sabo, tif guda na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo, sipana da filaya, da kebur ɗin kuloci. Ƙaya ita ce babbar abokiyar gaba a kaka: an sassare aduwa an yi shinge, iska kuma ta watso guntayen bisa hanya. A cika tanki a gidan mai kafin a bar kwalta. 'Yan bumburutu suna nan a kusan kowane ƙauye, suna kuma fitar da mutum kunya, amma man galan wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Takardun babur da katin shaida su kasance a aljihu, da kuɗi a hannu 'yan canji, don mai fura ba ta karɓar tiransifa.

Sutura kuwa, safiya da sanyi, rana da zafi. Rigar sanyi da za a iya cirewa da hantsi, takalmi rufaffe, tabarau saboda ƙura, man kaɗanya ko basilin don leɓe. Hular kwano dole ce, ko da abokai za su yi maka dariya. Babbar riga da rawani mai jela a bar su a gida, domin sarƙa da sipok ba sa wasa da tufa mai lilo.

A tashi bayan an yi sallar asuba gari ya waye, wajen ƙarfe bakwai. A kan kwalta a jeru ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, wanda ya san hanya a gaba, mai kayan gyara a ƙarshe. A yi yarjejeniya tun daga gida: duk mararrabar da aka kai sai an jira na baya, kuma kowa shi ke da alhakin wanda ke biye da shi. Idan ka daina ganinsa a madubi, tsaya.

Inda aka sauka daga kwalta aka hau burji, nan yawon ya fara, nan kuma ake gane wanda ya iya tuƙi. Gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa ya isa. A ba da tazara sosai, saboda ƙurar na gaba tana rufe rami, tana kuma cika hanci. Idan aka shiga yashi, a rage iskar taya kaɗan, a saka giya ta biyu, a ja da jiki baya a kan kujera, a riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi. Kan babur zai riƙa rawa, ka bar shi ya yi, kada ka danƙare hannu. Kuskuren da kowa ke yi shi ne damƙe birkin gaba da zarar ya tsorata, kuma shi ke kai mutum ƙasa. Ka bi sawun amalanke ko na masu babur na garin, su suka san inda ƙasa take da ƙarfi. Idan kun dawo kwalta a mayar da iskar.

Yanzu ga abin da ya fi komai. A kaka bakin hanya masussuka ce. Za ka tarar an shanya shinkafa ko barkono ko wake har kan kwalta, an tokare da duwatsu. Kada taya ta taɓa shanya, kada kuma ka wuce ta da gudu ka bule ta da ƙura. Gonar da aka sheme dawa, ko da ka ga kamar fili ne, ba hanya ba ce. Kututturen kara ma kaɗai ya isa ya huda taya. Idan kuka haɗu da amalanke ɗauke da dammuna, ku ne za ku kauce. Idan garken shanu ne a burtali, a tsaya gefe a kashe inji har su wuce, ban da hon. Lokacin ne makiyaya ke gangarowa kiwon kara, zukata a kusa suke tsakaninsu da manoma, saniya guda da ta firgita ta faɗa gonar da ba a kwashe ba tana iya tayar da rigimar da ku kun tafi kun bari.

Da kun hango rumbuna da danni, a rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa, a ɗaga gilashin hula, a sauke ƙyallen fuska. Yara za su fito da gudu, kaji da awaki ma haka. Inda kuka ga dattawa a gindin bishiya ku tsaya, ku kashe babur, ku sauka.

"Salamu alaikum. Baba, sannunku da hutawa. Ya kaka?"

"Kaka alhamdu lillahi. Samari daga ina?"

Sai ku faɗi gaskiya: daga Kano muke, yawon ganin gari muka fito, za mu wuce wuri kaza. Wannan 'yar gaisuwa ita ce takardar izininku, kuma sau da yawa a nan za a gaya muku cewa gadar gaba ta karye tun damina, ku bi ta bayan makaranta. Idan za ku daɗe a garin, a nemi mai unguwa a gaishe shi. Hoto kuwa sai an tambaya, mata da 'yan mata masu sussuka ko ɗiban ruwa kuma a ƙyale su gaba ɗaya. Rake ko kankana da ka gani a gona, saya ake yi. Idan aka ba ku kyautar gyaɗa, ku karɓa da hannu biyu. Wannan ne ya sa yake da kyau a taho da goro ko sukari a jaka.

Wurin hutawa a nemi inuwar gawo. Shi ne itacen da ke fitar da ganye lokacin da kuka ke zubar da nata, shi ya sa manoma ba sa sare shi. A duba ƙasa kafin a zauna saboda ƙarangiya, sannan kada a jingina da tarin kara, macizai na son ɗuminsa. Mai shan taba ya yi haƙuri har a koma kwalta, kada kuma a ajiye babur mai zafin salansa cikin busasshiyar ciyawa: gobarar kaka amfanin shekara take cinyewa. Abinci ba abin damuwa ba ne, akwai fura da nono, dafaffen dankali, tsire a bakin kasuwa. Ruwan sha dai ku riƙo naku, ledojin kuma su koma jaka, don akuya tana haɗiye su ta mutu. Azahar a yi ta a masallacin ƙauye tare da jama'a.

Da an yi la'asar a juya, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. A Nuwamba wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, kuma amalanke ba ta da fitila, ga ƙurar dabbobi masu komawa gida, ga manyan motoci da ke dallare ido a hanyar Zariya da ta Wudil. Ya kamata magariba ta same ku a cikin gari. Washegari a sake buɗe abin tace iska a kakkaɓe, a wanke sarƙa da kananzir a sa mata mai, a bi taya da ido a zare ƙayoyin da suka maƙale tun ba su kai ga tif ba.