Allurar gina jiki: kurakuran da 'yan ɗaga ƙarfe suka fi faɗawa ciki a Sakkwato

Duk mai zuwa wurin ɗaga ƙarfe a cikin garin Sakkwato, jim mai na'urori ne ko irin na bayan layi da ake zuba siminti a gwangwanin fenti a soka rodi, ya san akwai zancen da ba a yi a fili. Yaro zai shigo siriri kamar a hure shi ya faɗi, kafin wata uku kafaɗa ta buɗe, damtse ya cika hannun riga, gadon bayansa kuma duk ƙuraje. Kowa ya gane, amma sai ya ba da baya ake cewa "ya fara allura". Allurar nan da ƙwayoyin da ke tafiya tare da ita su ne sitiroyid na gina tsoka, wato testostiron, sinadarin mazakuta, da 'yan'uwansa da aka haɗa a masana'anta. Suna aiki, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Saboda suna aiki ne aka ƙwace lambar zinare ta tseren mita 100 daga hannun Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta 1988, bayan an samu stanozolol, wani nau'in sitiroyid, a fitsarinsa. Sai dai jiki yana biyan kuɗinsu, kuma yana biya ne a wuraren da madubi ba ya nunawa.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne auna lafiya da ido. Ka yi wa matashi magana, sai ya ce maka, "Haba Malam, wane ya shekara biyar yana sha, ba abin da yas same shi." To wa ya duba zuciyar wanen? Zuciya ita ma tsoka ce, maganin da ke kumbura damtse ba ya tsallake ta. Bangonta yana yin kauri, ya yi tauri, ta kasa buɗewa ta cika da jini yadda ya kamata. A gefe guda kitsen jini mai amfani yana faɗuwa ƙasa, mai toshe jijiya yana hawa, hawan jini ya shigo, jinin kansa ya yi kauri don ƙwayoyinsa ja sun yi yawa. Duk wannan ba ya ciwo. Mutum zai iya shekaru yana ɗaga nauyin da ba kowa ke iyawa ba, alhali jijiyoyin zuciyarsa sun riga shekarunsa tsufa. Wani bincike da aka buga a 2019 a ƙasar Denmak ya bi sawun maza 545 da aka kama da sitiroyid a wuraren motsa jiki, ya gano mutuwa a cikinsu ta ninka sau uku a kan ta sa'o'insu. Andreas Münzer ɗan Ostiriya, wanda ya yi suna da jikin da kusan babu kitse a kansa, ya rasu a 1996 yana da shekara 31, 'yan kwanaki bayan ya hau dandamalin gasa. Da aka bincika gawarsa, hanta cike da ƙari, zuciya ta yi girman da ya wuce kima. Gyaran wannan kuskure a bayyane yake: wanda bai fara ba kada ya fara, wanda ya fara kuma ya daina tambayar madubi, ya je a auna masa jini.

Akwai kuma masu shiga harkar da tunanin tunda sinadarin mazakuta ne, ai mazakuta zai ƙara. Wannan shi ya fi ba ni tausayi, domin a nan ne saurayi ke yi wa kansa ɓarnar da sai bayan an kai masa amarya zai gani. Ƙwaƙwalwa ce ke ba maraina umarnin su samar da testostiron da ƙwayoyin haihuwa, kuma tana lura da yawan abin da ke cikin jini. Jikin namiji lafiyayye 'yan miligiram yake samarwa a rana, bai kai goma ba. Mai gina jiki kuwa yakan zuba ninki goma har zuwa ɗari na abin da likita zai rubuta wa mara lafiya. Da ƙwaƙwalwa ta ga ya yi yawa sai ta janye umarnin. Maraina su daina aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma su ɗauke gaba ɗaya. Abin ya tabbata har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testostiron ta mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka buga sakamakon a 1990, ya nuna tana tsayar da ƙwayoyin a jikin mafi yawan waɗanda aka yi wa. Ka ga ke nan abin da ƙanenka ke saye da kuɗinsa don ya zama namiji sosai, shi ne masana suka gwada don hana maza haihuwa.

Kuma mun san yadda abin yake a gidajenmu. Shekara biyu da aure ba ciki, idon dangi a kan matar yake. Ita za a kai asibiti, ita za a kai wa mai magani, ita za ta sha gori a wurin suna, wa zai kalli mai ƙirji kamar bango ya ce matsalar daga gare shi take? Ɗan'uwa, in ka taɓa yin allurar nan kuma haihuwa ta yi jinkiri, ka ji tsoron Allah ka fara kai kanka a gwada maniyyinka kafin a wahalar da 'yar mutane. Da yawa suna farfaɗowa in sun daina, amma ba a mako biyu ba. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna, jikin kuma yakan ɗauki watanni, wani fiye da shekara, kafin ya dawo daidai. Wanda ya daɗe a kai yana iya rasa dawowar gaba ɗaya.

Daga wannan rijiyar ne nono ke fitowa a ƙirjin namiji. Jiki yana juya wani kaso na testostiron ɗin da ya yi yawa zuwa sinadarin mata. Yakan fara da ƙaiƙayi a kan nono, sai wani ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashi, mai zafi in riga ta goge shi. Za ka ga mai shi ya daina cire singileti ko da zufa ta jiƙe shi sharkaf. Masu ƙara nauyin ƙarfe wai su "ƙone shi" wahalar banza suke, don ba kitse ba ne. In ya daɗe ya kafu, sai tiyata.

Masu tsoron allura sukan ce su ƙwaya kawai suke sha, irin su Dianabol, wai ta fi sauƙi. Ga hanta kam ƙwayar ta fi mugunta. An gyara ta ne musamman don kada hanta ta narkar da ita, saboda haka hantar ce ke ɗaukar wahalar: shawara, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, wani lokaci ƙari ko ƙullutun jini da zai iya fashewa a ciki. Ka haɗa wannan da halin da muke ciki. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, mafi yawansu ba su sani ba. Wanda hantarsa ke fama da wannan a ɓoye ya ɗora mata ƙwaya, ya haɗa mata faɗa biyu. Kuma kada wani ya sayar maka da "maganin wankin hanta", na kemis ko na gargajiya, ya ce zai kare ka. Babu abin da ke wanke hanta alhali ana ci gaba da zuba mata abin da ke ɓata ta.

Wani kuskuren kuma namu ne na nan gida, shi ne rikita sitiroyid na gina tsoka da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke cikin haɗin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Yaro ya ji an ce su ma sitiroyid ne, ga arha, ga su a kowane kemis, sai ya saya. Waɗannan dangi ne daban, na kumburi da asma da makamantansu, kuma aikinsu a kan tsoka kishiyar abin da yake nema ne, cinye ta suke. Fuska ta yi fam, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Sikeli zai nuna ƙari, amma ruwa ne da kitse. A kula da wannan sosai: wanda ya yi makonni yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya daina samar da nasa, yankewar kwatsam tana iya sa jini ya faɗi har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Sai maganar inda kayan ke fitowa. Na ga kwalbar allura da aka zaro daga cikin safa a jakar motsa jiki, takardar jikinta ta koɗe, an manna ta a karkace, babu lambar NAFDAC, ta wuni a ƙarƙashin kujerar kabu-kabu cikin ranar Afrilu. Wanda ya kawo ta shi ne likitan, shi ne mai allurar, a ɗakin canza kaya. Ba wanda ya san abin da ke ciki, ko shi mai sayarwar. Wasu nau'o'in ma, irin su trenbolone da boldenone, asalinsu na dabbobi ne. In sirinji ɗaya ya zagaya mutum biyu, ko aka yi ta tsoma allura a kwalba ɗaya, an buɗe ƙofa ga cutar hanta B da C da ƙanjamau. In ruwan ba tsafta, ƙurji ya taru can cikin tsoka sai an tsaga. In aka soka ba daidai ba a ɗuwawu, aka taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, mutum na iya komawa jan ƙafa. Ranar da haka ta faru ba za ka ga mai kwalbar a bakin gadon asibiti ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga masu shirin hawa dandamali, makon ƙarshe ya fi kowane haɗari. Don fata ta manne, jijiyoyi su fito, sai a daina shan ruwa, a ƙara da ƙwayar sa fitsari irin Lasix. Tare da ruwan, gishirin jiki irin su fotasiyom ke fita, kuma da su zuciya ke daidaita bugunta. Mohammed Benaziza, wani ɗan gasar gina jiki, ya rasu a 1992 a ƙasar Holan, sa'o'i kaɗan bayan ya lashe gasa, yana da shekara 33, kuma ƙafewar ruwan jiki da irin waɗannan magunguna aka danganta mutuwarsa da su. Wannan a Turai ke nan, cikin sanyi. Ka ƙiyasta mai yin haka a Sakkwato tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga jini ya riga ya yi kauri, wataƙila ma ga azumi a baki. Ƙoda ba ta da inda za ta sa kanta. Babu kofin gasar da ya kai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako tsada. Masu taɓa insulin ba tare da ciwon suga ba kuwa, kuskure ɗaya a awo ya isa ya sa su suman da ba farkawa.

Yaron da bai gama girma ba, sitiroyid na rufe masa bakin ƙashi, tsawonsa ya tsaya nan. Mace in ta sha, murya ta yi kauri, gemu ya tsiro, kuma muryar ba ta cika dawowa ba. Tsoka tana riga jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi ƙarfi, shi ya sa ake samun tsinkewa a ƙirji ko damtse. Saurin fushi ma gaskiya ne, a tambayi mutanen gidan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin masu gaggawar allura ba su ma gwada iyakar abin da jikinsu zai iya ba. Ba sa cin abin kirki, suna kwana a kan waya, yau an ɗaga gobe an fasa. Mai son gina tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 ke nan yana neman giram 100 da 'yan kai, ƙwai ɗaya kuma yana da kusan giram 6. Sauran za su fito daga wake, awara, nono, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi da nama in an samu, duk abin da ke kasuwarmu. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a yi barcin awa bakwai zuwa tara, a jure shekara biyu ko uku. Ba zai ba ka jikin da kake gani a hotunan gasar gina jiki ta Mr. Olympia ba, kuma gara a faɗa maka tun yanzu. Arnold Schwarzenegger da kansa ya amsa cewa ya yi amfani da sitiroyid a zamanin da yake gasa.

Saura wanda ya riga ya shiga yana son fita. Kuskurensa yawanci biyu ne: ya daina shi kaɗai a ɓoye, ko ya je asibiti ya ɓoye wa likita. In an daina, akwai watannin da testostiron na waje ya ƙare, na jiki bai farka ba. Kasala, mutuwar sha'awa, jiki yana zubewa a gaban idonka, baƙin ciki mai nauyi da kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Wannan ramin ne ke mayar da mutane ga allura, har masu bincike suka ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na masu amfani da ita sukan kamu da jarabarta. Haɗin magungunan da ake rubuta wa juna a WhatsApp wai don "tayar da jiki" su ma magunguna ne masu nasu illolin, ba a shan su da ka.

Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ka ɗauki kwalaben da fakitin ƙwayoyin a leda, ka ajiye a gaban likita. Ka ce, "Likita, ga abin da nake sha, ga tsawon lokacin, ina son in daina." Ka nemi a auna hawan jini, a duba kaurin jini, kitsen jini, suga, aikin hanta da na ƙoda, a yi gwajin cutar hanta B da C da ƙanjamau, a ɗauki hoton zuciya in ya ga da buƙata. In ba ka da cutar hanta B, ka karɓi rigakafinta. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi a gida, yayanka ko matarka, don ya sa maka ido a watannin farko. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa, ido ɗorawa, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki kuwa ba sa jiran ranar ganin likita, a wuce sashen gaggawa a daren.