Kurakuran da ke sa wurin wanka mai tayil yoyo

Tayil ba ya tare ruwa. Na gaji da maimaita wannan magana ga samarin da ke shigowa sana'ar gini a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, domin yawancinsu sun ɗauka cewa da zarar an liƙa tayil an cike tsakaninsa, aiki ya ƙare. Simintin da ake cike tsakanin tayil da shi yana shan ruwa, ruwan kuma yana ratsawa a hankali har ya kai ga daɓe da bulo. Daga nan sai fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara kumbura, farin gishiri ya fito, idan kuwa a bene ne, rodin da ke cikin dekin ya kama tsatsa.

Abin da ke tare ruwa shi ne maganin hana yoyo da ake shafawa kafin a liƙa tayil. Ni ina shafa shi sau biyu, na biyun ya gitta na farkon bayan ya bushe, a dukan daɓen, a bango kuma har tsayin mita 2. Inda bango ya haɗu da ƙasa, da kewayen magudana da bakin kowane bututu, ina shimfiɗa raga a cikin shafin farko, domin nan ne gini ke motsi ya tsage. Nakan zuba Sikalatex, wani ruwan magani da ke ƙara wa siminti kamu da hana ruwa ratsawa, a kwaɓin filasta, amma wannan ƙari ne kawai, ba ya ɗauke wa mutum shafin.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne rufe aiki ba tare da gwaji ba. Wani maigida da bikin 'yarsa ya matso ya sami yarona a wurin aiki ba na nan, ya ce masa: "Ɗana, liƙa kawai, ba mu da lokaci." Yaron ya liƙa. Ba a jima ba silin ɗin falon ƙasa ya jiƙe, aka fasa sabon tayil gaba ɗaya, kuɗin gyara kuma daga aljihuna ya fita, saboda sunana ne a kan aikin. Ku masu koyo, wane irin sauri ne zai hana ku haƙurin kwana ɗaya? Bayan shafin ya bushe, a toshe magudana, a tara ruwa a daɓen kamar santimita 5, a yi alama a bango, a rufe ƙofa, a bar shi awa 24. Da yake zafinmu na shanye ruwa, ina ajiye roba mai ruwa a gefe da tata alamar. Idan na daɓe ya fi na roba raguwa, akwai yoyo, kuma ba a ɗora tayil ko guda sai an gano shi. Duk wanda ya ji nauyin gaya wa maigida "Alhaji, a yi haƙuri zuwa gobe", zai ji kunyar da ta fi wannan.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a Garwa, yana busar da daɓe kafin siminti ya kama. A riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, sannan a jira ya bushe kafin shafi.

Gangara kuwa a cikin daɓen ake fitar da ita, santimita 2 a kowace mita zuwa magudana, ba da kaurin simintin liƙi ba. Yashin kogin Binuwai ko na mayo, wato rafukan da ke ƙafewa da rani, a tankaɗe shi, a guji mai laka. Kada a ɗiga simintin liƙi gudaji-gudaji a bayan tayil, domin ramukan da suka rage ruwa ke kwana a ciki. A baje shi da cokali mai haƙora. Kusurwoyi da silikon ake cike su. Bututun da za a binne a bango kuma a sakar musu ruwa, a duba kowace mahaɗa kafin a yi filasta.