Yadda za ka gane irin littafin da ya dace da kai kafin ka biya kuɗinsa

In ka tambayi mai karatun littattafan Hausa wane iri yake so, zai ce na soyayya, ko na yaƙi, ko na aljanu. Wannan amsa ba ta isa a yi zaɓe da ita ba. Littattafai biyu duk na soyayya ne, ɗaya ya hana ka barci har kiran assalatu, ɗayan ka kasa wuce shafi na goma. Abin da ya raba su shi za ka nemo, kuma da biro da takarda ake nemo shi.

Ka ja layi a tsakiyar takarda. A dama ka rubuta littattafai 10 da ka karanta har ƙarshe da son ranka, a hagu 10 da ka watsar a hanya. Ka haɗa da waɗanda ka saurara a rediyo ko a YouTube, da waɗanda aka turo maka ta WhatsApp. Na hagun su suka fi amfani. A gaban kowanne ka rubuta daidai inda ka tsaya. "Bai yi daɗi ba" ba dalili ba ne. Rubuta: na tsaya inda uwar miji ta koma wurin boka karo na uku, na tsaya inda aka cinye shafi huɗu ana lissafa akwatunan lefe, na tsaya inda ya mare ta, marubuciya kuma ta shiga yabon sajensa. Kafin ka kai na goma za ka ga abu biyu ko uku ne ke ta dawowa.

Daga nan sai ka tantance. Wani dalilin na jigo ne, wato abin da labarin ya ƙunsa. Wani na rubutu ne, wato yadda aka ba da shi. Wani kuwa ba laifin littafin ba ne sam, halin da kake ciki ne lokacin da ka ɗauke shi. Cakuɗa waɗannan shi ke sa mutum ya karanta littafin yaƙi guda da aka rubuta da gaggawa, ya yi shekaru yana cewa shi ba ya son labarin yaƙi, alhali abin da ya ƙi shi ne jarumin da ke kashe dakaru dubu a kowane babi ba tare da ko ƙwarzane ba.

Jigo shi ya fi buƙatar natsuwa. Batsa ita ce kan gaba cikin abin da mutane ke gudu, saboda addini da kunya da tarbiyyar gida, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne labarin da ke ɗauke da zalunci: auren dole, duka, fyaɗe, wulaƙanta 'yar aiki ko marainiya. A nan kada ka yi kuɗin goro. Akwai littafin da ke nuna zalunci don ka tsane shi, akwai wanda ke shafa masa kwalliya. Ga yadda za ka bambance. Bayan an yi mugun abin, duba inda alƙalamin marubuci ya tsaya. In ya tsaya kan wadda aka cuta, ciwonta, abin da ta rasa, yadda ta tashi washegari, to marubucin ya san abin da yake yi. In ya koma kan kyawun mai laifin da motocinsa, sannan bayan babi biyar yarinyar ta kamu da sonsa ba tuba ba hukunci, ajiye shi ya fi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, cike yake da wulaƙancin miji ga matarsa da 'ya'yansa, amma labarin yana tare da matar, yana bin yadda ta riƙe yaranta da sana'a. Mai cewa ba ya karanta labarin zaman aure mai ɗaci, in ya dube shi da kyau, sau da yawa ba irin wannan yake ƙi ba.

Labarin kishiya da boka kuwa, masu gudunsa kashi biyu ne. Wasu gajiya suka yi, don sun san layar da za a binne a bakin ƙofa tun daga babi na biyu. Wasu kuma yana zuba musu zargi a zuciya, su gama karatu su fara yi wa abokiyar zama ko suruka wani irin kallo. In kana cikin na biyun, ka ɗauki abin da gaske, ka bar irin littafin gaba ɗaya. Haka labarin masu kuɗi, inda kowane saurayi ɗan minista ne, kowace amarya a Dubai aka haɗo kayan ɗakinta. Ka lura da kanka bayan ka rufe shi: in ka ji ɗakinka ya yi maka ƙanƙanta, abincin gidanku ya fita ranka, to nishaɗin bai biya kuɗinsa ba. Na aljanu da matsafa gwajinsa mai sauƙi ne, in yana hana ka fita alwala da dare, ka mayar da shi karatun rana ko ka haƙura.

Matsalar rubutu tana da sanadi, kuma sanin sanadin na taimakawa. A zamanin littattafan kasuwar Kano, labari guda ake rabawa na 1, na 2, na 3, wani har na 4, don kowanne kuɗinsa daban. Yanzu da aka koma waya, marubuciya na sakin shafi kullum ko bayan kwana biyu ga mutanen da suka biya suna jira. Dole ta cika shafin ko da labarin bai motsa ba, shi ya sa ake samun doguwar gaisuwa, da bayanin girki, da kwalliyar biki kala bakwai. Ga kuma rashin mai dubawa: ba wanda ya gyara haɗe kalmomi da raba su, ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, Turanci ya cinye rabin zance. Wani wannan ba ya damunsa in dai labarin na tafiya, wani kuwa layi uku ya ishe shi ya rufe. Ka san wanne ne kai. In rubutu ne matsalarka, marubuci za ka canza, ba jigo ba.

Dalili na ukun, wato halin da kake ciki, ka yi masa sauƙi. Wanda ya yi rashi kwanan nan, ko wadda aurenta ya mutu, ko masu jiran haihuwa, ba abin mamaki ba ne su kasa karanta labarin da ya taɓa wurin. Ka sa kwanan wata a gaban irin wannan a takardarka, ka sake gwadawa bayan wata shida. Wani zai buɗu, wani ba zai buɗu ba, duk daidai ne.

To sai gwaji kafin biya. Yawancin masu sayar da labari ta waya suna sakin shafukan farko kyauta. Ka karanta uku cikinsu a zama ɗaya, sannan ka tambayi kanka: wa ke son me a labarin nan, kuma me ya tare masa hanya? In ba ka da amsa bayan shafi uku, da wuya ka same ta a na talatin. Sai dai kada shafukan kyauta su ruɗe ka, wasu marubutan sukan tsabtace su, sai an shiga zauren waɗanda suka biya salon ya sauya. Gargaɗin "na matan aure ne" a saman shafi ka ɗauke shi a yadda aka faɗa. Jihar Kano na da hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001, amma abin da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya bi ta teburin kowa, kai ne mai tacewa. Ka tambaya ko an kammala rubuta labarin, don akwai waɗanda ake karɓar kuɗinsu su tsaya a tsakiya. Sannan ka nemi wanda ya karanta, ka yi masa tambaya mai kaifi daga takardarka. "Ya yi daɗi?" kowa zai ce ya yi. Ka ce: akwai fyaɗe a ciki? An hukunta mai laifin? Babi nawa aka yi kafin labari ya kama hanya? In littafin takarda ne a hannunka, a shago ko wurin haya, ka karanta shafin farko, ka buɗe tsakiya ka karanta shafi biyu. Tsakiya ce ke tona marubuci, don farko kowa na ƙoƙari.

Haɗarin wannan tsari shi ne mutum ya ƙuntata wa kansa har ya zama labari ɗaya yake ta karantawa da sunaye daban. Maganinsa, cikin kowane littafi biyar ka sa ɗaya daga wajen layinka, kuma ka zaɓi gajere don kada asarar ta yi yawa. Gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun dace da wannan, a zama ɗaya ake gama kowanne. Tsofaffin littattafai ma haka. Waɗanda suka fito a zamanin gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ƙanana ne kuma ba su yi kama da juna ba: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da raha, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ramuwar gayya ce mai ɗacin ƙarshe. Mai son ganin ko labarin cin hanci da fasa-ƙwauri zai karɓe shi ya gwada Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina.

In wayarka na shiga hannun yara ko ƙanne, ka kashe saukar da fayil kai tsaye a WhatsApp, ka fita daga zauren da ake turo abin da ka riga ka yanke ba ka karantawa, ka goge wanda ya riga ya sauka. Labarin saurare kuma ka fara jin kashi biyu da abin kunne kafin ka sake shi a tsakar gida.